Uwar da Ba Ta Fito a Hoton Ba

A wata ƙaramar Sallah shekarun baya, ranar Hawan Daushe, cunkoson Ƙofar Kudu ya tunkuɗo mu har cikin Kabara, ni da 'yar yayata mai shekara bakwai. A bakin wani lungu muka tarar da wani saurayi riƙe da ɗan jan biri, an sa masa rigar jarirai, an ɗaura masa igiya a ƙugu. Naira 200 ake ba shi, ya ɗora wa yaro birin a kafaɗa, a ɗauki hoto da waya. Yarinyar ta kafe sai an ɗauke ta, ni kuwa ban ga abin ƙi ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Tana ta dariya, shi kuma ya cusa 'yan yatsunsa cikin gyalenta ya ƙanƙame.

Da daddare na nuna wa baffana, wanda ya daɗe yana aikin malamin daji kafin ya yi ritaya. Ya jima yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "To ɗan jarida, ina uwarsa?" Na ce, "Baffa, ai na kiwo ne." Ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani jan biri ya haihu masa a tsakar gida? Wannan riƙon da ya yi wa gyalen yarinyar, cikin uwarsa yake nema."

Gaskiyar Baffa ce. Jan biri ya fi kowane biri gudu a ƙasa, yana iya kai kilomita 50 a awa ɗaya, kuma jaririnsa a manne yake da cikin uwa tsawon makonnin farko na rayuwarsa. Uwa ba ta ajiye shi ta gudu. Wanda ke son ɗan, sai ya fara gamawa da ita, da bindiga ko da karnuka ko da tarko. Na karanta aikin jarida a jami'a, an koya mana ƙa'idar ɗaukar hoton ƙaramin yaro, da majiyyaci, da gawa, da wanda ake tuhuma. Ban tuna ranar da aka yi mana maganar dabba ba. Wannan giɓi ne ya sa na koma baya in ga yadda kyamara ta fara hulɗa da 'ya'yan namun daji, sai na tarar labarin ya ratsa ta Kano fiye da sau ɗaya.

Masu tarihin hoto sukan fara da wasu 'yan'uwa biyu daga Yokshaya ta ƙasar Ingila, Richard da Cherry Kearton. A 1892 Cherry ya ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki, a 1895 kuma suka fitar da littafi kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, wanda ake lissafawa a matsayin littafin halittu na farko da aka ƙawata da hotuna zalla maimakon zanen hannu. Ba don son ƙwai suka fara da sheƙa ba. Kyamarar wancan zamani akwati ce mai nauyi a kan ƙafafu uku, tana ɗaukar hoto a kan faifan gilashi, kuma tana buƙatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik. Tsuntsun da ke shawagi ba ya jiran kowa. Wuri ɗaya ne ka tabbata zai dawo, ya sake dawowa ko da yana jin tsoro, wato inda 'ya'yansa suke. Tun ranar farko, ɗa shi ne ƙugiyar da ake kama uwa da ita.

'Yan'uwan sun yi dabaru iri-iri don kada a gan su. Mafi shahara ita ce fatar sa da aka ɗinke a kan katako, mutum ya shiga ciki da kyamararsa, ya leƙo ta wata kafa a ƙirji. An ce wata rana Richard ya jigata a ciki, san ya kife da shi, ƙanensa ya zo ya tarar da ƙafafu shida a sama. Bahaushe ba zai yi mamakin dabarar ba, domin maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiyar tsuntsun har su kusanci barewa. Bambancin yana ga abin da ke hannu, kibiya ko kyamara. Sai dai waɗanda suka biyo bayan su Kearton ba duka ne suka yi haƙurin zama cikin fatar sa ba. Ya zama ruwan dare a sare rassan da suka lulluɓe sheƙa don haske ya shiga, ko a fito da 'ya'yan tsuntsu a jera su a kan reshe don su yi kyan gani. Mai hoto ya tafi da hotonsa, sheƙa kuma ta kwana a buɗe ga rana da hankaka.

A Afirka kuwa kyamara da bindiga tare suka iso, a kan ɗan dako ɗaya. Bajamushe Carl Georg Schillings, wanda ya yi aiki a gabashin Afirka, ya sa wa littafinsa na 1905 suna da ya haɗa walƙiyar kyamara da bindiga, kuma hotunansa na zakuna da dare ya same su ne ta hanyar ɗaure dabbar gida a daji ta zama abin jan hankali. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi tafiyar farauta daga 1909 zuwa 1910, ayarinsa ya koma da dabbobi da tsuntsaye sama da 11,000 don gidajen tarihi. Hoton da wannan zamani ya fi so shi ne na Bature da ƙafarsa a kan gawar giwa. Na biyunsa shi ne na matar Bature tana ba ɗan zaki ko ɗan damisa madara a kwalba, ba tare da an faɗi yadda aka yi ya rasa nonon uwarsa ba.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne aka fara rubuta doka kan ƙananan dabbobi. A watan Mayu na 1900, ƙasashen Turai masu mallaka a Afirka suka sa hannu a Landan kan wata yarjejeniya ta kare namun daji. Cikin sharuɗɗanta akwai hana kashe 'ya'yan wasu dabbobi irin su giwa da ɓauna da dangin barewa, da hana kashe mace idan tana tare da ɗanta. Yarjejeniyar ba ta samu amincewar dukkan ƙasashen ba, amma Birtaniya ta yi aiki da ruhinta a ƙasashen da ta mallaka, har Nijeriya ta samu dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Wani jadawali na yarjejeniyar ya fi ɗaukar hankalina. An ware wasu dabbobi aka ce masu ɓarna ne, a rage yawansu: zaki, damisa, kura, kyarkeci, bika, kada, mesa da macizai masu dafi. Ka duba wannan jeri da kyau. Kura da bika da mesa su ne kayan aikin gardawa. Dabbobin da doka ta cire wa rigar kariya tun 1900, su ne har yau muke ganinsu da sarƙa a bakin kasuwa.

Daga Fanisau zuwa Landan

A ƙarshen 1919 wani ɗan Sikotilan mai suna Angus Buchanan ya sauka a Kano. Lord Rothschild ne ya turo shi, attajirin nan mai gidan tarihin halittu a garin Tring, don ya tattaro masa tsuntsaye da dabbobi da malam-buɗe-littafi na ƙasar da ke tsakanin Kano da duwatsun Azbin. Buchanan ya fara yada zango a Fanisau, arewa da ganuwa, inda Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, ya yi ta harbin tsuntsaye yana feɗewa. Daga nan ya bi ta Damagaram da Damargu har Agadas. Ya ba da labarin tafiyar a littafinsa na 1921. A 1922 ya dawo, wannan karon da mai ɗaukar hoton majigi, T. A. Glover, suka tashi daga Kano a kan raƙuma, suka keta Sahara har Tugurt ta Aljeriya a 1923. Fim ɗin da suka haɗa aka nuna shi a Landan a 1924, kuma yana cikin na farko da suka nuna wa Turawa tsuntsaye da namun dajin wannan yanki suna motsi.

Ba na son in yi wa Buchanan rashin adalci. Mutum ne mai lura, littattafansa na cikin 'yan shaidun da muke da su na yadda dajin arewa da Kano yake shekara ɗari da suka wuce, lokacin da ake bin sawun jimina a Damargu. Yana da tausayi irin nasa, har ya sadaukar da ɗaya daga cikin littattafansa ga raƙuminsa mai suna Farin Gashi, wanda ya mutu a ƙarshen tafiyar. Amma aikinsa na asali shi ne ya kashe, ya feɗe, ya cusa auduga, ya liƙa takarda. Kuma duk sheƙar da ya gano, duk ramin yanyawa da aka nuna masa, mutanen ƙasa ne suka kai shi, maharba da 'yan rakiya waɗanda suka san lokacin kwanci da lokacin haihuwa na kowace dabba. Ilimin namu ne, sunan da ya shiga littafi nasa ne. Ya kamata mu riƙe ɓangarorin biyu, domin idan aka zo lissafin abin da ya ƙarar da jimina daga ƙasar Hausa, cinikin gashinta da fatakenmu suka yi ta kaiwa Tarabulus a ƙarni na 19 yana cikin lissafin. Takalman gashin jimina da muke alfahari da su a ƙafar Sarki suna tuna mana da tsuntsun da yaron Kano na yau ba ya gani sai a gidan zu na Audu Bako.

Labarin da ya fi kowanne sa duniya ta ƙaunaci ɗan namun daji a hannun mutum ya faru ne a Kenya. A 1956 wani jami'in gandun daji, George Adamson, ya harbe wata zakanya da ta taso masa, daga baya ya gane 'ya'yanta uku take karewa. Matarsa Joy ta raini ƙaramar, ta sa mata suna Elsa, ta rubuta littafi a 1960, aka mai da shi fim a 1966. Littafin ya yi amfani, ya sa miliyoyin mutane sun fara ganin zaki a matsayin rai maimakon fata. Amma hotunan da suka zaga duniya na mace tana rungume da 'yar zakanya ne, ba na uwar da aka harbe ba, kuma darasin da jama'a da yawa suka ɗauka shi ne su ma suna son irin wannan hoton.

Inda akwai mai so, akwai mai sayarwa. A shekarun 1970 da 1980, a bakin tekun Sifen, masu hoto sun riƙa yawo da jariran birin cimfanzi da aka sato daga Afirka, a sa musu tufafin yara, a ɗora wa 'yan yawon buɗe ido. Da yawa an cire musu haƙora, an ɗirka musu ƙwayoyi don su yi laushi, idan sun girma sun fi ƙarfin riƙo kuma a rabu da su a nemo sabo. Don ceton irin waɗannan ne Jim Cronin ya buɗe mafakar birai a Dorset ta Ingila a 1987. Masu bincike na ƙiyasta cewa kafin jaririn cimfanzi ɗaya ya isa hannun mai saye, manya da dama na danginsa sun mutu wajen kare shi, wasu jariran kuma sun mutu a hanya.

Nan ne sunan garinmu ya shigo, kuma ba ta fuskar da za mu so ba. Babu cimfanzi ko gorila a dajin Kano, amma akwai filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da tsohuwar hanyar fatauci zuwa Masar da Gabas ta Tsakiya. A watan Janairun 2005 aka kama wani akwati a filin jirgin Nairobi, ciki da jariran cimfanzi shida da wasu ƙananan birai huɗu. Daga Kano aka yi jigilarsu zuwa Alƙahira, aka ƙi karɓarsu a can, aka juyo da su. Ɗaya ta mutu, sauran aka kai su mafaka a Kenya. Kafin wannan, a 2002, an fitar da ƙananan gorila huɗu daga Ibadan zuwa gidan zu na Taiping a Malesiya da takardun da suka ce a gida aka haife su, alhali daga daji aka kamo su, sai a 2007 aka mai da su Kamaru. A watan Disambar 2024 kuma jami'an kwastan na filin jirgin Istanbul suka buɗe wani akwati da ya taso daga Nijeriya zai tafi Tailan, suka tarar da jaririn gorila ɗan wata biyar sanye da 'yar riga. Nijeriya na cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa tun shekarun 1970, ta kuma yi dokar soja mai lamba 11 a 1985 kan wannan batu. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Rigar jaririn Istanbul ce ta tsaya mini a rai, don irinta ce a jikin ɗan birin da na biya naira 200 a Kabara.

Gardawa da mai hoto daga Kudu

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san gardawan kura: kiɗa, da warki mai layu, da ƙararrawa a ƙafa, da kura mai takunkumi, da yara ana ɗora su a bayanta don a ce sun rabu da tsoro, sannan a fito da magani a sayar. Duniya ta san su ne ta hannun Pieter Hugo, mai hoto daga Afirka ta Kudu. Wani hoton waya da aka ɗauka ta tagar mota a Legas ne ya ja hankalinsa. Ya zo a 2005, ya same su a bayan garin Abuja da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola, ya yi kwanaki tare da su, ya sake dawowa a 2007, a shekarar kuma littafin hotunan ya fito. Mazajen Hausawa ne, yawancinsu dangin juna, kuma sun gaji sana'ar ne daga iyaye. Ɗaya daga cikin kurayen sunanta Mainasara.

Hotunan suna da ƙarfi, ba na musu. Babu wasa a cikinsu, babu kiɗa, sai mutum da dabba a tsaye ƙarƙashin gada ko a gefen bola, sarƙa a tsakaninsu. Hugo ya lura cewa Turawan da suka ga hotunan halin dabbobin kawai suke tambaya, ba sa tambayar abin da ya sa mutum a ƙasa mai arzikin man fetur ke cin abinci da kura. Yana da gaskiya, kuma ni ma ba na jin daɗin mutumin da zai zubar da hawaye kan bika ya tsallake yarinyar da ke zaune kusa da shi ba takalmi. Amma tambaya ɗaya ba ta kore ɗaya. Kura na shayar da 'ya'yanta fiye da shekara guda, cikin rami, kuma sau da yawa biyu take haifa. Duk kurar da ke bakin kasuwa daga wani rami ko kogon dutse aka fito da ita, ko ita ce uwar ko ita ce 'yar. Shaharar hotunan ta kuma jawo wasu masu hoto da masu fim, kowa da kuɗinsa a hannu, ga sana'ar da a da magani kawai take sayarwa. Wayar hannu ta ƙarasa aikin. Yanzu ba sai gardi ya iya kiɗa ko kirari ba, ya isa ya samu ƙaramar dabba mai kyan ido ya tsaya inda jama'a ke taruwa.

Ba mai biyan kuɗi a gari kaɗai ke yin ɓarna ba. Mai kyakkyawar niyya a daji ma yana yi. Barewa da gada da mazo da dangoginsu suna da wata ɗabi'a: uwa ta ɓoye jaririnta cikin ciyawa, ta yi nisa tana kiwo, ta dawo 'yan lokuta a yini ta shayar da shi. Jaririn ba shi da wari sosai, kuma makaminsa ɗaya shi ne ya lafe kada ya motsa. Baƙon da ya zo Falgore ko Yankari ya ci karo da shi sai ya ɗauka maraya ne, ko kuma ya ga sa'a ta samu tunda bai gudu ba. Lafewar nan tsoro ce. Uwar na nan kusa tana kallo, ba za ta matso ba muddin mutum na wurin, sawun da ya bari a ciyawa kuma hanya ce ga dila. A 2016, a gandun Yellowstone na Amurka, wasu baƙi sun ga ɗan ɓaunar can shi kaɗai, suka ji tausayinsa suka sa shi a mota suka kai wa ma'aikata. Garken ya ƙi karɓarsa, a ƙarshe aka kashe shi. A 2018 wani bidiyo daga Rasha ya zaga intanet, ɗan dabbar beyar na ta faɗowa daga gangaren ƙanƙara yana sake hawa wajen uwarsa, mutane na ta yabon naci. Masana suka nuna cewa jirgi marar matuƙi mai ɗaukar bidiyon ne ya firgita uwar har ta bi wannan mugun gangare.

Ga tsuntsu kuwa abin ya fi sauri. A zafin bazara na Kano, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, uwa kan zauna a sheƙa ne don ta yi wa ƙwai da 'ya'ya inuwa. Ka tashe ta na ɗan lokaci kana gyara tsayuwa, rana ta yi aikinta, ko shirwa da hankaka da ke kallonka daga sama su gane wurin. Saboda irin haka ne dokar Birtaniya ta 1981 ta sa sai da lasisi ake kusantar sheƙar wasu tsuntsaye don ɗaukar hoto. Ƙa'idojin da ƙwararru suka tsaya a kai bayan shekara ɗari na kurakurai ba su da yawa. A tsaya nesa a bar gilashin kyamara mai jawo nesa ya yi tafiyar. Idan uwa ta daina kiwo ta zuba maka ido, ko tsuntsu ya fara kuka yana zagaye, ka riga ka matso da yawa. Ba a taɓawa, ba a ba da abinci, ba a sare reshe, ba a shiga tsakanin uwa da ɗa, abin da duk direban Yankari zai gaya maka game da giwa tun kafin ka tambaya. Akwai kuma sabuwa da su Kearton ba su sani ba: wayarka na iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, don haka wanda ya wallafa hoton rami ko sheƙa yana iya zama ɗan jagoran mafarauci bai sani ba.

Misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa yana ƙetaren iyaka. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke zaune cikin gonakin gero. A 1996 guda 49 suka rage a duniya. Bayan sama da shekara ashirin sun haura 600. Cikin abubuwan da suka taimaka akwai tsarin da ya sa baƙo ba ya shiga sai da ɗan jagora na yankin, wanda ya san iya inda za a tsaya, kuma abincinsa ya dogara ga raƙumar dawa ta haihu ɗanta ya girma a gabanta. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da dama ba a ga irinsu ba. Harin da aka kai Kure a watan Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya durƙusar da zuwan baƙi, ya kuma nuna yadda tsarin ke rataye da zaman lafiya. Mu ma mun san wannan a Falgore, dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa amma rashin tsaro ya hana yawancin Kanawa ganinsa.

Ba daga Landan muka fara jin wannan magana ba. A Kabara, unguwar da ta yi suna da karatu tun zamanin Malam Umaru wanda ta ci sunansa, har zuwa Shehu Nasiru Kabara da zuri'arsa, ɗalibi ba ya rasa jin hadisin nan da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu. Sahabbai na cikin tafiya suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo ya gani, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da su. Ba a ce sun yi niyyar yanka su ba. Tashin hankalin uwar kaɗai ya isa dalili.

Al'ada ma ta yi nata. Shamuwa na zuwa mana daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta koma idan kaka ta yi. Ba ta ɓuya, domin ta saba ba a taɓa ta. Yaron da ke harbin kurciya da danƙo ya san ba a ɗaga wa shamuwa hannu, kuma ba hukuma ce ta hana shi ba. Baffa ya ce a yarintarsu har cikin birni take sauka. Manyan itatuwan sun tafi, kududdufai an cike su an yi gini, ungulu ma da ta cika mahauta a da ta zama abin labari. Wanda ke son hoton shamuwa da 'ya'yanta yanzu sai ya fita ƙauye, ya tsaya daga gindin wata bishiyar daban, ya jira.

Hoton 'yar yayata yana nan a wayata, ban goge shi ba, ban kuma wallafa shi ba. Da Sallah ta zagayo na sake bi ta wannan lungu ni kaɗai. Saurayin na nan, yara sun kewaye shi, farashi ya koma naira 500. Na tsaya na dubi birin da ke kafaɗarsa. Jan biri ɗan shekara ɗaya da wani abu ya kamata a ce ya yi tsawon ƙafafu, ya fi ƙarfin rigar jarirai. Wannan kuwa ko tafin hannuna biyu bai cika ba, gashin kansa ma bai gama yin ja ba. Na ce, "Malam, ina na bara?" Ya ce ya fara cizo, ya sayar.